Zo Ki Ci Kifi

Molo na fara ji kafin muryar. Ina tsaye a bakin tashar mota a Garwa, riƙe da gefen mayafin gwaggona kamar 'yar shekara biyar, sai tsirkiya uku suka fito daga wata lasifika mai tsatsa, suka ratsa hayaniyar 'yan moto, wato 'yan acaɓa, da masu kiran fasinja, suka same ni. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu. Kwana ashirin ke nan ban taka ƙofar gida ba sai ranar.

A Kuseri na tashi, a gidan kakata, wadda ke soya kifi a ƙofar gida. Idan ruwan kogin Logon ya ja baya, yashi ya fito fari, masunta kan kawo mata karfasa tun hantsi, gidan duka ya ɗauki ƙamshin man gyaɗa da citta. Har littattafaina na makaranta ƙarnin kifi suke yi, 'yan ajinmu suna tsokanata da shi.

Akwai wani tsoho mai wankin hula a layinmu. Shi ne mai molon. Ba a kiransa biki, ba ya bin masu kuɗi. Bayan la'asar, in ya jera hulunan a kan itatuwansu suna shan iska, sai ya zo ya zauna a kan turmin kakata da aka kifa, ya ɗora molon a cinya. Waƙarsa ta kogi ce: kwalekwalen da ya tsufa, matar da ke jiran mijinta daga ƙetare, ruwan da kan tafi ya bar yashi. Hausa yake yi, amma in abin ya kai masa zuciya sai ya zame cikin Larabcin Shuwa bai sani ba. Ladansa kan kifi ne da romo. Kakata kan ce, "Malam, muryar nan ta fi ƙarfin kan kifi." Shi kuma ya ce, "To ƙara mini wutsiya."

Kawuna direba ne, shi ya zo da rakoda gidan. Wata rana ya ajiye ta kusa da turmi, ya ɗauki tsohon har kaset ya cika gaba da baya. Ya ja mana kunne kada kowa ya taɓa. Ni kuwa jan maɓallin da ke jikinta ya hana ni sukuni. Ranar da ya fita, na jawo rakodar, na danna shi tare da na kusa da shi, yadda na ga yana yi. Ban san ina goge waƙa ba. A tsakiyar waƙar kwalekwale, molo ya yanke, sai numfashin yarinya, sai ƙarar mai a kasko, sai muryar kakata daga nesa: "Ke! Ɗauke hannunki, kayan kawunki ne. Zo ki ci kifi." Daga nan molo ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Kawu ya yi faɗa har da rantsuwa. Kakata ta saurari wurin sau biyu, ta rufe baki da gefen zane, ta ce, "Ashe haka nake da murya kamar ta agwagwa?"

Tsohon ya rasu ina aji uku a lise, wato sakandare. Kakata ta bi shi da damina biyu. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Abin da ya rage mini nata shi ne kaset ɗin nan, da kawu ya miƙo mini ranar sadakar bakwai. Na naɗe shi a ɗankwalinta, duk inda za ni yana cikin jakata.

Yana cikin jakar ranar da 'yan fashi suka tare motarmu a hanyar Marwa, da rana tsaka. Ba zan ba ka labarin ba, don ni ma ban gama ba kaina ba. An kwantar da mu a ƙasa, an kwashe jakunkuna, an bar mu da rai. Gwaggo ta karɓe ni a Garwa. Kowa na cewa in gode Allah, kuma na gode. Amma in murfin tukunya ya faɗi sai in tsinci kaina a bayan ƙofa. Kuma na ji kunyar gaya wa kowa cewa abin da ke cin raina ba takardun makarantata ba ne.

To ka ga halin da nake ciki da molon nan ya tashi a tasha. Abin da ya fara zo mini ba murna ba ce. Na ce a raina: sun zo nan, sun sayar da kaset ɗin, wataƙila suna kallona. Na matse hannun gwaggo har ta ce, "Ke, lafiya?" Waƙar kwalekwale ce. Na san inda za ta yanke, ina ƙirga bugun tsirkiya, ina roƙon kada ta yanke, ina roƙon ta yanke.

Ta yanke. Numfashin yarinya. Mai a kasko. Sai wasu direbobi uku da ke shan shayi a benci suka ɗaga kofunansu, suka faɗa tare da ita, har da yadda take jan ƙarshen: "Zo ki ci kifiii!" Suka fashe da dariya.

Gwaggo ta dafe ƙirji. Muryar uwarta ce.

Ita ta ja ni har rumfar da lasifikar take. Mai kaset ɗin dattijo ne mai furfura a gemu, ya gaishe mu da Fulatanci, da ya ji mu sai ya juya Hausa. Na tambaye shi, "Baba, wa ya kawo maka wannan? Yaushe?"

Ya ce, "Wannan? 'Yata, ya fi shekara goma a hannuna. Wani direban Kuseri ya ara wa abokinsa, abokin ya kawo na kwafa. Babu wanda ya san sunan mai molon. 'Zo ki ci kifi' muke ce masa."

Ɗaya daga cikin direbobin ya sa baki. "In ka sa shi daga gadar Binuwai, tsohuwa na kira kana shiga garin Ngong. Dole a tsaya a ci abinci. Wani ya taɓa yanke wurin wai ya gyara, ba wanda ya saya."

Na biyu ya ce, "Ni yarinyar nake so in gani. Mai taurin kai! Ko ta je ta ci kifin?"

Na ce, "Ta ci." Suka juyo suna kallona. "Har da wutsiya."

Dattijon ya daɗe yana dubana. Ya tashi daga kujerarsa ya ce in zauna, ya mayar da waƙar baya, ya rage ƙara. Na yi kukan da na riƙe kwana ashirin, a tsakiyar tasha, motoci na hon, kuma ban nemi bayan ƙofa ba.

Yanzu kaset ya zama tsohon yayi. A ɗan katin waya ya zuba mini, abu kamar farce, wai ba ya tsinkewa. Ɗankwalin kakata dai ya tafi, ba zai dawo ba. Har yau in moto ya yi ƙara a bayana sai in waiwaya a firgice, kuma ban san ranar da zan iya komawa Kuseri ba. Amma fiye da shekara goma ke nan tsohuwar da ba ta taɓa wuce Marwa ba tana hawa da sauka a kan titin nan, tana kiran baƙi cin abinci, ni ina can ina ɓoye ta a jaka ina tsammanin ni kaɗai ke da ita. Jibi gwaggo za ta Ngong duba gonarta. Na ce ta kama mini kujera kusa da taga.