Dutsen da Kaka Ta Gani Daga Jirgi

A gidanmu na unguwar Nuzla, da an idar da sallar magariba Kaka Ladi kan hura gawayi a tsakar gida, ta ɗora butar shayi, mu jikoki mu kewaye ta duk da zafin Jidda. Bakinta ba haƙori, amma akwai zaƙi. Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Ɗaya ce ta ƙi ɓacewa, ita ce kuma take ci mini rai har yau.

Wai wata mata ce da mijinta guzuri ya yanke musu a ƙasar Habasha, a hanyar hajji. Mijin ya samu aikin kuku wajen Turawa masu feshin fara, suka zauna cikin tantuna a gindin wani baƙin dutse. Naƙuda ta zo wa matar da gardama, aka ce a kai ta asibiti a ɗan jirgin feshin. Wurin mutum ɗaya ne bayan matuƙi, sai mijin ya tsaya yana ɗaga mata hannu.

Ba su yi nisa ba jirgin ya girgiza. Ta leƙa, ta ga kan dutsen ya tsage, hayaƙi ya tokare sama, wuta tana malalowa kamar kunu ya tafasa ya zubo, ta doshi tantunan. Ta dinga dukan kafaɗar matuƙi. Ya karkato da jirgin, ya zagaya dutsen har sau uku.

"Ta ɗauka wurin sauka yake nema," in ji Kaka. "Ashe hoto yake ɗauka."

A nan take dakatar da labarin. Mu kuwa ba ma yarda, don kowace tatsuniya sai mai ita ya amsa cewa ƙarya ya shara kafin a tashi. Ni ne uban gardama, ga ni ɗan makaranta, wai dutse ba ya narkewa. Mukan yi ta tafi muna tsokanarta, har Babanmu ya leƙo ya ce, "Halas, ya isa, Inna, faɗa musu ƙarya ce su tashi." Sai ta faɗa, idonta a kan gawayin. Mun san Baba bai taɓa ganin mahaifinsa ba, an ce a hanya ya rasu. Duk wayonmu ba wanda ya taɓa tambayar a ina.

Na zama saurayi lokacin da na ga abin a talabijin, a wani gidan shayi a unguwar Balad: dutse a wata ƙasa yana aman wuta, an ɗauko shi daga sama, daidai yadda take faɗa. Na baro shayin na taho gida.

A lokacin idonta ya tafi. Na durƙusa na ce mata na gani, gaskiya ne, ta yafe mini. Ta daɗe tana jan carbi.

"Angona, ni da na bar mijina a can ba ka yarda ba," ta ce. "Sai da akwati ya faɗa maka."

Ta yafe, ni ne na kasa yafe wa kaina. Sai da na girma na gane ba wanda zai zauna ya saurari baƙin cikin tsohuwa, shi ya sa ta mai da shi tatsuniya. Mu kuma, kowane dare, sai mun sa ta ƙaryata mutuwar mijinta da bakinta sannan mu tashi.