Baba Barau, Wanda Ya Jawo Motar Malama A'i

Duk mai bi ta bakin tashar Gumel da hantsi ya san abin da zai tarar: Baba Barau a tsugune bayan tsohuwar motarsa mai rufi, ta ɗaukar kaya, yana shafa wa ƙarfen jan mota girisi kamar mai yi wa jariri wanka. Ƙarfen nan shi ya ƙera abinsa. Reshe biyu gare shi, a ɗaure su a gaban motar da ta mutu, bakin kuma a maƙala a bayan tasa. Igiya kuwa ba a ambatarta a gabansa, cewa yake yi da ita akuya ake ja. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, daga Gagarawa har Ɗanzomo, sai bana da yanar ido ta fara rufe masa gani ya ajiye.

Direbobi sun yi masa shaida, bai taɓa kawo motar wani da ko ƙwarzane ba. Sai dai tafiyar tasa, wallahi mai keke ya sha wuce shi har ya waiwayo ya gaishe shi.

Amma wadda ta fi kowa sanin darajarsa ita ce Malama A'i, ma'aikaciyar lafiyar da ke zaga ƙauyuka tana duba masu ciki. A 1974 ta sayi mota hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma gida. 'Yar ƙarama ce ja, irin ta tsere, kujera biyu, rufin tamfol, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Gari ya ɗauka, mace da mota! Mijinta Malam Cindo da ƙyar ya yarda, shi ma da sharaɗi: ranar da ta lalata ta da hannunta, tuƙi ya ƙare, yawon ƙauyuka ma ya ƙare.

Ai kuwa wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, motar ta mutu murus a tsakiyar jama'a. Masu dariya suka kewaye ta, wasu na cewa a ɗaga ta a jefa cikin motar shanu. Aka aika Gumel, Barau ya zo. Ya ɗaura ƙarfensa, ya sa giyar motarta a firi, ya saki birkin hannu, ya murɗa makulli sau ɗaya don sitiyari ya saki, ƙafafun gaba su riƙa bin tasa motar. Sannan ya ɗaura farin ƙyalle a saman sitiyarin, yadda zai hango shi ta madubi. Ya ce mata ta zauna a kujerarta, kada ta taɓa komai.

To, ina matar gidan da za ta ga makulli a rataye ta ƙyale shi? Na ɗaki ne ko na rumbu, bakin mayafi ne wurinsa. Suna fita gari, A'i ta zare shi ta ƙulle, ita kanta ba ta san ta yi ba. Sitiyari ya kulle. Hanya a miƙe take, ba wanda ya ankara, sai da suka iso kwanar farko. Barau ya karya, ya duba madubi, ya ga ƙyalle tsaye cak. Tayoyin bayan motarsa suka fara kuka, ƙaramar mota na jan gindin tasa zuwa kwazazzabo. Da wani ne da ya danne birki, su kife gaba ɗaya. Shi kuwa ya ɗage ƙafa, ya miƙe sitiyarinsa, ya bar su suka tsaya a hankali, bai fi taku biyu da ramin ba.

Ya sauko, ya leƙa, ya ce, "Malama, ara mini abin nan da ke bakin mayafinki."

Ta ce a nan hawaye ya zo mata, don ta san shi ke nan. Shi kuwa ya karɓi makullin ya mayar, suka ci gaba da tafiya. Da suka isa Gumel ya buɗe inji a ƙofar gidansu, Malam Cindo na tsaye yana tambaya ko gangancinta ne ya kashe motar.

"Yashi ne ya toshe bututun mai," in ji Barau. "Ko ni ke tuƙi, nan za ta mutu."

Gaskiya ya faɗa, zancen makulli kuma ba a tambaye shi ba. Sai bana A'i ta fasa shi da bakinta, ta ce a rubuta.

Baba Barau, kai ne mai jan mota ba ka ja mutuncin mai ita a ƙasa ba. Kai ne ka ga kuskuren mutum a tafin hannunka, ka gyara, ka rufe. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya buɗe idon nan. Ku kuma samarin tasha da kuka gaji ƙarfen, ku gaji halin, don shi ya fi wuyar ƙerawa.

Shekara biyar ke nan A'i na tuƙi, ƙauyukan da take zuwa ba su yi kewarta ko mako guda ba. Ranar Litinin za a kai Baba Barau asibitin ido a Kano. Direbobi sun yi ta rububin ɗaukarsa, ta ce kowa ya haƙura, ba mai tuƙa shi sai ita.