Ranar da Kwamiti Ya Zo Duba Inna

Tun ina ƙarama aka san ni da baki. Yayata kuwa, wadda nake bi, ko ƙafarta ka taka ita za ta ba ka haƙuri. Inna takan ce da za a zuba mu a turmi a kirɓa a raba biyu, da ta samu 'ya'ya biyu masu hankali.

Shekarar da ɓarin jikin Inna na hagu ya shanye, ina Dubai ina aikin jinya a gidan wasu Larabawa a Bur Dubai. Yaya mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, sai ta tattara kayanta ta koma gidanmu. Ba wanda ya ce ta koma, ba kuma wanda ya ce kada ta koma. Ɗagawa, kwantarwa, wanka, wankin shimfiɗa, juya Inna don kada gyambo ya fito mata a baya, duk ita ce. Ƙaninmu namiji yakan leƙo ranar Juma'a da ledar lemo, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya wuce. Ba a daɗe ba Yaya ta fara ciwon baya. Ɗankwali take ɗaurewa tamau a ƙugu kafin ta ɗaga Inna.

Abin da ke ci mini rai shi ne aiki ɗaya muke yi ni da ita. Ni ma tsohuwa nake ɗagawa, uwar wasu. Amma gadon tawa tsohuwar da maɓalli yake tashi, kuma da la'asar wata ke karɓa ta, in hau bas in koma fulat ɗinmu a Al Nahda in miƙe ƙafa. Yaya ba mai karɓarta.

Wata rana ma'aikaciyar lafiya ta hukuma ta zo duba tsohuwar da nake jinya. Da ta gama, sai ta ja ɗiyar tsohuwar, wadda ke kula da ita, zuwa falo, ta rufo ƙofar ɗakin. Na shigo musu da gahawa na ji tana tambayarta: "Ke fa? Kina samun barci? Yaushe rabonki da fita?" Wallahi wannan mata, da gwala-gwalanta da direbanta da mu masu aiki, ta fashe da kuka ta ce ta gaji. Na tsaya da faranti a hannu kamar an dasa ni. Ban taɓa jin an tambayi mai jinya lafiyarta ba. Mu a wurinmu sai dai a ce sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada, a sa takalmi.

Shi ya sa da na ji ƙaramar hukumarmu ta kafa kwamiti, jikina har rawa yake. An yi ta ƙorafi cewa ma'aikatan asibitin unguwa ba sa leƙa marasa lafiyar da ke kwance a gida. Kwamitin zai bi gida-gida ya gani da idonsa, gidajen da jinya ta fi yi wa nauyi a riƙa turo musu ma'aikaciya wasu ranaku a mako, ta kama ɗagawa da wanka. Abin da bayan Yaya ke nema ke nan, ba wani abu ba. Na addabi kansilan mazaɓarmu da waya har ya haddace lambata. Ƙarshe ya ce, "Hajiya, don girman Allah ki bar ni in yi sallah, za su je."

Na kira Yaya na yi mata karatu. Na ce kada ta share ɗaki, kada ta kunna turare, ta bar su su ga abin yadda yake. In sun tambaye ta, ta ce bayanta ya ƙare. Ta ce, "To." Na san wannan to ɗin nata tun muna yara, amma na yaudari kaina.

Ranar da za su je na yi musayar aiki na zauna a gida. Can hantsi ne, nan azahar ta wuce. Na sa ta jingina wayar a taga ta bar bidiyo a kunne don in gani. Abokiyar ɗakina, 'yar Zangon Kumasi da ke aiki a wani otal, ta hau gadona ta zauna kusa da ni.

Hoton na buɗewa na ce inna lillahi. Ɗakin tas kamar na amarya. Kafet ɗin da na aika ta jirgin kaya an shimfiɗa shi, hayaƙin turaren wuta na tashi. Inna na jingine da matasai cikin baƙar abaya mai duwatsu, wadda na hau kwale-kwalen abra na tsallaka ruwa na sayo mata, an ranɓaɗa mata kwalli. Yaya ta sha atamfar Sallah. Ga dabino a faranti, ga lemo mai sanyi.

"Yaya! Me na ce miki?"

"Ga su nan sun yi sallama," ta ce, ta kai hannu kan wayar.

Su uku ne, maza biyu da mace ɗaya. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun gaida Inna da ladabi, macen har ta riƙe mata hannu. Suka zauna nan gefen gadon. Bakin Inna ya karkace, magana ba ta fita sosai, amma kunnenta garau yake. Idonta na kan Yaya.

Macen ta ce, "Hajiya, ya ɗawainiya? Akwai abin da ya fi ƙarfinki?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Ai uwa ce."

"An ce kina fama da baya."

"Da sauƙi."

Na ƙwala ihu daga nan Al Nahda: ƙarya ne, ba sauƙi, ku duba ƙugunta! Ba wanda ya waiwayo. Ashe hannun da ta kai kan wayar, muryata ta kashe. Ta san ƙanwarta.

Ɗaya daga cikin mazan ya shafa kafet ɗin da tafin ƙafa ya ce wannan ba na kasuwarmu ba ne. Yaya ta ce ƙanwarta ce ke Dubai. Ya ce masha Allah, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Suka ci dabino, suka yi addu'a, suka tashi. Yaya ta raka su har zaure, tana tafe a miƙe kamar budurwa.

Da ta dawo ta manta da wayar. Na ga ta kama bakin ƙofa da hannu biyu, ta tsaya, ta sulale ƙasa a hankali. Da rarrafe ta ƙarasa gadon, a kan kafet ɗin nawa, ta kifa goshinta a gefen katifa. Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ɗora mata a ka. Abokiyar ɗakina ta karɓe wayar daga hannuna ta kife ta, ta ce, "Khalas, ya isa, 'yar'uwa, kada ki ƙara kallo." Na yi kuka har muryata ta dishe.

Ba a sa gidanmu cikin waɗanda za a turo wa ma'aikaciya ba. Kansila ya ce mini gidanku ai sai hamdala, akwai inda suka tarar da mara lafiya ko tabarmar kirki babu. Na yarda da shi. Ban ce mugaye ba ne. Amma a cikin su ukun babu wanda ya yi tunanin ya ce, Hajiya, ɗan zo tsakar gida mu yi magana. Taku kaɗan ne daga gadon zuwa gindin darbejiyar gidanmu.

Na kira Yaya na zazzage mata duk abin da ke cikina. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce, "Kin gama? Baƙi za su shigo su tarar da uwarmu cikin zarni, ina raye? Kuma tana kwance tana kallona, in buɗe baki in ce ta yi mini nauyi? Da wane ido zan dube ta in ba ta abincin rana?"



Haka ta ci gaba da jinyar. Ɗankwali ɗaya ya koma biyu. Sallah ta koma yi a zaune. Maƙwabciyarmu takan shigo ta kama mata in ta samu sarari, amma ita ma da nata gidan.

Tun Inna na da baki ta sha faɗa a gaban kowa cewa babbar 'yarta ce za ta yi mata wankan ƙarshe, ba ta son hannun kowa sai nata. Da damina ta rasu, da safe. Ina tsakiyar shafa wa tsohuwar Bur Dubai mai a ƙafa waya ta shigo. Kafin la'asar an kai ta, ba jirgin da zai kai ni.

Maƙwabciyar ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce da aka kawo ruwa Yaya ta yunƙura za ta tashi, bayan ya ƙi. Ta sake yunƙurawa, ya ƙi. Matar da ta yi shekaru tana yi wa Inna wanka kowace safiya, ranar sai kujera aka ajiye mata a bakin ƙofa, wasu tsofaffi biyu na unguwa suka shiga suka saki labule. Ba ta yi kuka ba. Ta dai matso da bakinta jikin labulen, tana ce musu su bi a hankali da kafaɗar hagu, ita ce mai ciwon.