Ɗanjuma da Kofur a Karkiya Ɗaya

Ku matso kusa, ku da kuka san shi da furfura. Ni na san shi tun wuyansa yana kamar sillen kara, don shi nake bi a ɗakinmu. Tun safe nake jin masu zuwa ta'aziyya suna cewa Yaya Ɗanjuma mutum ne mai yawan gaisuwa. Gaskiya suka faɗa, sai dai ba su faɗi wa yake fara gaisarwa ba.

In ka zo ƙofar gidansa a kan jaki, jakin zai fara tara. "Sannu da hanya. Ina gajiya? An ba ka ruwa kuwa?" Sai ya gama da jaki tsaf, sannan ya ɗago ya dube ka. Wani surukinsa ya taɓa jin haushi ya ce, "Baba, ni fa na zo gaishe ka." Ya ce, "Na gan ka. Amma shi ya yi tafiyar, kai zama ka yi."

Kun sha yin dariyar wannan hali. Inda ya samo shi ne ba ku sani ba.

Babanmu soja ne. Ya dawo gida ƙauyenmu Manga da tari a ƙirji da jan maraƙi a igiya. Tarin ya tafi da shi, maraƙin ya zauna. Yaya ya raɗa masa suna Kofur, muƙamin da Baba ya ajiye. Abin da ya rage mana ke nan: Inna, da maraƙi, da gona guda wadda dawarta ke kai mu wata kakar.

Da maraƙi ya zama sa, Baffa Sule, ƙanin Baba, ya zo zai hore shi yadda kowa ke yi: a huje hanci, a zura igiya, a haɗa shi a karkiya da tsohon sa, a bi shi da bulala. Yaya, lokacin ko gemu bai tsiro masa ba, ya shiga tsakani.

"Baffa, ka tambaye shi?"

"In tambayi wa?"

"Mai hancin."

Hanci dai bai hudu ba, don Yaya ya rungume kan san ya ƙi saki. Baffa ya haɗa shi haka nan da nasa san. Bulala ɗaya ya sauke, Kofur ya kwanta a tsakiyar gona. Aka murɗa masa wutsiya, aka busa masa barkono, yana kwance yana tuƙa kamar mai sauraron labarin da bai shafe shi ba.

Baffa ya kwance nasa san ya ce wa Inna, "Ruwa ya sauka. Ranar da na gama huɗar gonata zan zo. In na tarar da taku ba a huɗe ba, sa ya zama na mahauci, gona ta dawo hannuna, in noma in ba ku abin da ya samu." Mun san abin da ke samuwa a hannun Baffa, ba ya cika ƙwarya.

Garmar shanu kuwa, ku da kuka tashi a cikin gari, shanu biyu take so, ɗaya a kowane gefen karkiya. Mu ɗaya gare mu, kuma labarin kwanciyarsa ya karaɗe Manga, ba mai ba mu aron na biyu.

Yaya bai roƙi kowa ba. Ya mai da cin tuwonsa gindin turken Kofur, ba ya kai loma sai san ya fara cin nasa. Ya riƙa saɓa karkiya a nasa wuyan yana zagaya tsakar gida, ya wuce ta gaban Kofur, ya dawo, ya sake wucewa, wai don ya gani da idonsa ba ta cizo. Har wata safiya san ya taso yana binsa yana sansanar itacen. Ranar ya ɗora masa gefe ɗaya a wuya, ya naɗe tsohon zanen Inna ya yi gammo a kafaɗa, ya ɗauki ɗaya gefen.

Inna ta fito da ludayi a hannu ta tsaya. "Ɗanjuma, mutum fa na haifa."

"Na sani, Inna. Amma da wane baki zan ce ya ɗauki abin da ni ban ɗauka ba?"

Sai matsalar ƙafa. Mai huɗu da mai biyu ba sa tafiya daidai, karkiya ta yi ta dukan Yaya a kunne. Sai ya tuna da faretin da Baba ke sa mu a tsakar gida. Ya fara, a hankali, daidai kunnen san: "Lef, rai. Lef, rai." Ban san ko Kofur ne ya koyi takun Yaya ba, ko Yaya ne ya koyi na Kofur. Na dai ga sun daidaita.

Ya juyo ya ce, "Talatu, ke za ki riƙe garma."

"Yaya, dariya za a yi mana."

"Za a yi. Ki riƙe da hannu biyu."

An kuwa yi. Mutane suka bar nasu aikin suka jeru a bakin gona. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Ɗanjuma, harawa za a kawo maka ko tuwo?" Bai ko waiwaya ba ya ce, "Ko wanne ne, a fara ba babba." Ya karkatar da sarƙar garma wajen Kofur don nauyin ya fi komawa can, amma duk da haka kafaɗarsa ta saluɓe, jini ya ɓata zanen Inna. Kullum da safe sai ya sake naɗe shi ta inda ya bushe.

Ranar da Baffa ya gama tasa huɗar, da azahar sai ga shi tare da mahauci, igiya a hannu. Saura mana ɗan yanki ta wajen rafi, inda saiwoyi suka yi yawa. Baffa ya ce zai jira zuwa la'asar, ya nemi inuwa ya zauna.

Muna tsakiyar yankin saiwa ta harɗe ƙafar Yaya. Ya kife, hannunsa a maƙale cikin igiyar karkiya, bakin garma kuwa yana bayansa. Sa ba igiya a hanci, ba abin da zan ja. Da ya ƙara taku, da ya ja shi a ƙasa garma ta bi ta kansa.

Kofur ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama. Ba wanda ya ce masa komai. Ya sauke ƙafar a gefe, ya sunkuyar da wuya har karkiya ta taɓa ƙasa, ya tsaya haka yana huci sai da Yaya ya zare hannu ya miƙe. Yaya ya tofar da ƙasar bakinsa ya ce, "Na gode, Kofur. Lef, rai."

Muka kai gefen rafi ba a kira la'asar ba.

Mahauci ya naɗe igiyarsa ya ce, "Malam Sule, nama ka ce mini in zo in gani. Ni ban ga nama a nan ba." Baffa ya tashi ya bi kunyoyi yana dubawa, can ya ce, "Sun karkace." Yaya ya ce, "Mu a miƙe muka tafi, Baffa. Ga mai riƙon garma nan." Har Yaya ya koma ga Allah, duk kunyar da ta karkace a ƙasar Zuru cewa yake Talatu ta bi ta nan.

Gona ta zauna a hannun Inna. Da shekara ta zagayo aka samo wa Kofur abokin karkiya mai ƙafa huɗu, Yaya ya koma bayan garma, yana ta ƙorafin wai sabon bai iya fareti ba.

Da Kofur ya tsufa, mahauta suka dawo. Yaya ya ce ba na sayarwa ba ne, ya yi ritaya, fansho yake ci. Kowace safiya dusa da kanwa, kafin kowa ya karya. Wani tsohon soja maƙwabcinmu, da ya gaji da zaryar neman nasa fanshon, ya leƙo ta katanga ya ce, "Ɗanjuma, don Allah ka sa sunana bayan na Kofur." Ranar da ƙafafun san suka kasa ɗaukarsa, Yaya da bakinsa ya ce a yanka kada ya yi mushe. Ya raɗa masa magana a kunne, ya ɗauki sandarsa ya nufi rafi. Naman sa bai ƙara shiga bakinsa ba.

Kabu-kabu ma kun san bai taɓa hawa ba. Daga Manga zuwa kasuwar Zuru a ƙasa yake tafiya, da tsufansa. Jikansa ya tsayar masa da babur a hanya, Yaya ya zagaya shi ya dudduba ya ce, "Na gaishe shi bai amsa ba. Tafi abinka."

Da aka fito da makararsa ina tsaye a bakin zaure. Jikokinsa biyu ne a gaba, dogo da gajere, kuka ya hana su daidaita ƙafa, makara tana ta tangaɗi a kafaɗunsu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Lef, rai. Lef, rai." Yaran suka ji, suka gyara taku, suka wuce da shi a miƙe.

Allah, bawanka bai taɓa ɗora wa wani kayan da shi bai fara ɗauka ba. Ka sauke masa nasa. Ka sa ya tarar da Inna da Baba cikin rahama, Ka yi masa sannu da hanya.