Gwiwar da na yi shekaru ina musu a kanta

Ina rubuto muku ne don abin ya ƙi barina in sake. A shekarun baya ni ɗan kokowa ne daga wani ƙauye kusa da Dogarawa, ƙarfi ya kai min karo, makaɗa na wasa ni, ni kuwa kaina ya kumbura har ba na jin maganar kowa. Akwai wani mai ba da labarin wasanni a rediyon Konni wanda duk yankin nan ke ƙauna. In ya fara bayanin kokowa, manomi kan jingine hauya, mai shayi ya bar buta tana tafasa. Shi ya fara fitar da sunana duniya ta ji.

Wata rana bayan girbi na kara da wani ɗan Illela. Cikin turnuku gwiwata ta taɓa ƙasa, kuma kowa ya san a dokar kokowa wannan faɗuwa ce. Alƙali yana bayana, bai gani ba. Na yunƙura na kayar da yaron, aka ɗaga hannuna. Shi kuwa mutumin nan, da yake zaune daidai wurin, ya faɗa a rediyo cewa gwiwata ta riga ta taɓa. Ya faɗe shi a natse, har ya ƙara da cewa wannan bai rage min jarumta ba. Ni ma na san ta taɓa, don ƙasar tana manne da ita har na isa gida. Amma sai na shiga gari ina cewa mutanen Illela ne suka saye shi. Aka samu masu yarda. Wasu suka daina gaishe shi, wasu suka riƙa yi masa ihu a fili. Sau biyu yana zuwa ƙofar gidana da Sallah, ina ciki na sa a ce ba na nan.

Bara, bayan sallar azahar, ya yanke jiki ya faɗi a harabar gidan rediyon, kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa. Ban taɓa ganin jama'a irin ta jana'izarsa ba, ƙattin 'yan kokowa suna kuka kamar yara. Da wansa ya miƙe ya roƙi duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa, sai idanu suka juyo kaina. Na buɗe baki na ce na yafe. Mutane suka yi ta sa min albarka, ana cewa na yi halin manya. Wallahi ban taɓa jin kunya da ƙyamar kaina irin ta ranar ba.

Bayan sadakar bakwai na koma wurin wan nasa na faɗa masa gaskiya duka. Sai ya ce shi dai nasa ɓacin ran ya yafe, amma na ƙanensa ba shi da ikon yafewa, mai hakkin ya tafi da abinsa.

Abin da na koya shi ne girman kai ba ya tashi biyan mutum sai lokacin gyara ya wuce. 'Yan'uwa masu karatu, in kun san akwai wanda kuka yi wa ƙazafi don kawai ya faɗi gaskiya a kanku, ku je yau tun yana iya amsa sallamarku. Ni yanzu kabarinsa nake zuwa, in yi ta magana ni kaɗai.