Maki Ɗaya a kan Ƙanƙara

Shekarata shida ke nan a Riyad lokacin da wannan abin ya faru. Aikina gyaran ɗakunan sanyi ne a kasuwar Al-Aziziya, inda ake jibge tuffa da lemo da inabi kafin a rarraba su cikin gari. Mu uku muke zaune a wani gida a Manfuha, hawa na biyu, a saman baƙalar wani Basudane, wato ɗan kantin kayan masarufi. Akwai dattijon da muke kira Baba, direban babbar mota ne, ya haura shekara ashirin a ƙasar. Sai abokin ɗakina, Bahaushen Legas haifaffen Agege, mai aikin walda a gine-ginen Dir'iyya. Ɗan Agege muke ce masa, shi ma da haka yake amsawa.

Wata ranar Janairu ce, ana irin sanyin nan na Riyad mai shiga ƙashi. Mun idar da magariba muna shan shayi, sai ga ɗan Agege ya dawo daga dawam, wato wurin aiki. Ko takalmin aiki bai cire ba ya tako kan darduma, ya miƙo mana waya.

"Ku ga 'yar ƙanwata," in ji shi.

Hoton wasu yara ne a filin jirgi, sanye da manyan riguna kore da fari. Ya ɗora yatsa a kan wata siririya da ta kifa hular sanyi a kan hijabinta.

"Umara za ta zo?" Baba ya tambaya.

"Gasa za ta je, Baba. Gasar matasa ta duniya, ta wasannin ƙanƙara, can gabashin Asiya. Nijeriya suke wakilta."

Baba ya ajiye kofinsa. "Wace ƙanƙarar? Ta masu sayar da zoɓo?"

Muka yi ta dariya har shi ɗan Agegen. Ya ce gaskiya shi ma bai san kan abin ba. Ƙanwarsa ta sha gaya masa cewa yarinyar tana zuwa wani wasa bayan an tashi makaranta, shi kuwa ya ɗauka wani abu ne kamar 'yar gala-gala. Ashe wani malami ne ya kawo wasan, suna koyo a kan daɓe mai santsi da wasu duwatsu masu ƙananan tayoyi, tunda babu filin ƙanƙara a inda suke. Yarinyar shekararta goma sha shida, kuma ba ta taɓa taka ƙanƙara ba sai 'yan kwanaki kafin gasar.

Nan take muka shiga neman bidiyon wasan. Ga yadda yake: ana da wani dutse mulmulalle mai mariƙi a ka, kamar butar shayi. Mutum ɗaya zai durƙusa ya sulale a kan ƙanƙara ya sake shi, dutsen ya yi ta tafiya a hankali zuwa wata da'ira da aka zana can gaba. Mutum biyu kuma suna biye da shi da dogayen burushi, suna ta goge gabansa kamar za su huda ƙasa. Bayan kowa ya gama jifansa, wanda dutsensa ya fi kusa da tsakiyar da'irar shi ke da maki.

Baba ya kalla ya kalla, ya ce, "Yanzu an kwashi 'ya'yan mutane an kai su uwa duniya don su yi shara?"

A nan ne ilimina ya yi rana. Na ce masa gugar nan ba banza ba ce. Idan ka goge ƙanƙara da ƙarfi fuskarta kan ɗan yi ɗumi ta ƙara santsi, sai dutsen ya ƙara nisa, ya kuma rage karkacewa. Kullum ina ganin haka a bakin ƙofar ɗakin sanyi, inda masu turo kaya suke yawan bi. Tun daga ranar Baba ya naɗa ni malamin ƙanƙara. Duk abin da bai gane ba sai ya juyo ya ce, "To Malam, fassara mana."

Wasanninsu na farko duk a ranakun aiki suka faɗo, da safe a agogonmu. A Dir'iyya ba a barin mai walda ya riƙe waya a saman gini, saboda haka ni na zama mai kai rahoto. Nakan jingina wayata a kan kwalin tuffa, ina kwance injin ina satar kallo, ina tura wa ɗan Agege saƙon murya ya saurara lokacin hutu. Rahoton bai yi daɗi ba. Yaran da suke karawa da su tun suna rarrafe suke kan ƙanƙara. Namu kuwa wani lokaci dutsen ya tsaya tun bai kai da'ira ba, wani lokaci ya wuce ta kamar an aike shi. Har na daina faɗin abin da ke kan allo, sai in ce masa, "Ta yi jifa mai kyau yau, ƙafarta ta fara zama." Kuma ba ƙarya nake ba. Ranar farko tana tafiya a kan ƙanƙarar kamar mai taka ƙwai, zuwa rana ta uku har gudu take da burushi.

Duk da haka zumuɗinmu bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Ni dai duk lokacin da na ga tutarmu a gefen allo, kusa da tutocin ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe musu ƙofa, sai in ji tsikar jikina ta tashi. Na nuna wa mudir ɗinmu, wato manajan wurin aikinmu, wani Bamisre, ya cire tabarau ya duba ya ce, "Wallahi? Nijeriya?" Na ce masa Nijeriya, kuma waccan ta biyu daga dama 'yar gidanmu ce. Ban ga dalilin tsayawa yi masa dogon bayanin dangantaka ba.

Ɗan Agege shi ne bai ga ko wasa ɗaya kai tsaye ba, abin yana cin sa. Sai aka ce akwai wasa ranar Juma'a da hantsi, ranar da duk muke hutu.

Tun ranar Laraba ya fara shiri kamar mai aurar da 'ya. Ya sauka wurin Basudanen ya roƙe shi aron talbijin ɗin da ke rataye a baƙala. Basudanen ya ce talbijin ba ta hawa bene, amma mu muna iya saukowa. Ya sayo yadi kore da fari, ya kai wa wani tela a layinmu ya haɗa masa tuta. Baba, wanda ya ce shara ce, shi ya bi 'yan Nijeriyan unguwa ɗaya bayan ɗaya a masallaci yana gaya musu kada wanda ya koma barci bayan asuba.

Da gari ya waye baƙalar ta cika. Mun jera akwatunan ruwa mun zauna, wasu na tsaye tsakanin buhunan shinkafa da firjin madara. An sayo burodin tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake, daga gidan burodin Afganawa, Basudanen ya ɗora shayi. Har wasu 'yan Bangaladash biyu da suka shigo sayen ƙwai suka tsaya, ƙwan na hannunsu. Na haɗa wayata da talbijin, hoto ya fito tar: farin fili, fitilu, ga yaranmu huɗu, maza biyu mata biyu.

Da kyamara ta hasko fuskar yarinyar, ɗan Agege ya miƙe tsaye. Ya nuna ta da hannu, ya juya yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya don ya tabbatar kowa ya gani.

"Mun gan ta, zauna ka tare mana," in ji Baba.

Zagayen farko aka ci mu. Na biyu ma haka. Amma ba wanda ya tashi. Mutanen da rabin awa da ta wuce ba su san da wasan a duniya ba, yanzu kowa ya zama koci. Da an saki dutse sai baƙala ta ɗauka, "Goge, goge." Basudanen yana ta "Yalla, yalla" daga bayan kanta. Baba ya ɗauki tsintsiyar shagon yana gwada yadda ya kamata a riƙe ta, yana cewa yaron nan na hagu ba ya sa ƙarfin kafaɗa.

Can wajen tsakiyar wasan ne yarinyar ta durƙusa za ta yi jifa. Akwai dutsen abokan karawa guda a cikin da'ira, ga wani kuma sun girke a gaba ya tare hanya. Ta gyara hularta, ta sulale, ta saki. Da farko na ɗauka ya kauce, domin gefe ya nufa. Sai ya fara lanƙwasowa a hankali, ya zagaye wanda ya tare hanya kamar mai kewaye kwata, yaran biyu suna ta guga, ya shigo da'irar ya zauna dab da nasu.

Baƙala ta kaure. Na ɗaga hannu na ce a dakata, saura jifa, za su iya fitar da shi. Suka jefa na farko, ya wuce ta gefe bai taɓa shi ba. Yaronmu na ƙarshe ya sa nasa a gaba ya kare shi. Suka sake jefawa, ya bugi mai karewar ya tsaya. Duwatsu suka ƙare. Namu da nasu suna nan kusa da tsakiya, ido ba zai iya raba su ba.

Yaran duka suka taru suna leƙe. Sai wata alƙaliya ta shigo da wani dogon ƙarfen awo, ta kafa shi a tsakiyar da'irar.

"Malam, me ake yi?" Baba ya tambaye ni.

"Aunawa za a yi, Baba. Wanda ya fi kusa shi ke da shi."

Baba ya tashi ya je gaban talbijin, ya auna da ɗan yatsansa a jikin gilashin. "Namu ne," ya ce. Aka ce ya matsa. Ɗan Agege kuwa ya juya wa talbijin baya, ya dafa firjin madara da hannu biyu, bakinsa yana motsi. Matar ta juya ƙarfen ya taɓa nasu, ta duba. Ta zagayo da shi a hankali ya taɓa namu, ta duba. Ta sake komawa. Ban taɓa jin Manfuha ta yi shiru irin na wannan lokacin ba, har ƙarar firjin nake ji.

Ta miƙe ta nuna dutsenmu.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Akwatin da nake kai ya kife. Wani ya ɗauki ɗan Agege ya ɗaga sama, kansa ya bugi ledojin cincin da ke rataye. Basudanen ya fito daga bayan kanta yana rungumar mutane yana "Mabruk, mabruk." Ɗaya daga cikin 'yan Bangaladash ɗin ya ɗaga tutarmu yana kaɗawa, ɗan'uwansa ya riƙe masa ƙwan. Maƙwabta suka leƙo ta taga suna tambaya ko ƙwallo ake. A talbijin kuma yaranmu sun rungume juna, har yaran da suke karawa da su suna tafa musu.

A ƙarshe an cinye mu a wasan, da rata mai yawa ma. Babu wanda ya damu. Muna tattara kofuna sai wayar ɗan Agege ta yi ƙara, kiran bidiyo. Yarinyar ce, hancinta ya yi ja, tana haki.

"Kawu, kun gani?"

Ya gyaɗa kai. Sai ya juya wayar ya nuna mata baƙalar, mutum wajen ashirin suna ɗaga mata hannu. Ta rufe baki da safar hannunta. Baba ya karɓe wayar.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ni ne na ce shara kuke yi, na janye. Amma ki gaya wa yaron nan na hagu ya riƙa sa kafaɗa."

Ta yi dariya ta ce za ta gaya masa. Ta ce yatsunta ne kawai ba ta ji, kuma abincinsu ba yaji. Ɗan Agege ya karɓi wayar, ya ce ta kira mamanta yanzu-yanzu, ta kuma sa safa biyu. Ranar mun makara Juma'a, a kan titi muka shimfiɗa kwalaye muka bi sallah.

Bayan sati biyu, yaran sun koma gida, ɗan Agege ya matsa sai mun je wani babban kanti a arewacin gari inda aka ce akwai filin ƙanƙara. Baba ya raka mu amma ya ce shi mai tsaron takalma ne. Aka ɗaura mana takalman nan masu wuƙa a ƙasa. Ni da na shekara shida ina aiki da ƙanƙara, taku uku na yi na zauna daɓas. Ɗan Agege ya kama ƙarfen gefe da hannu biyu ya zagaye filin sau ɗaya, 'yan yaran Larabawa suna wuce shi kamar iska, Baba yana ɗaukarsa a waya yana dariya har hoton na rawa.

Ɗan Agege ya tura wa yarinyar bidiyon. Muna cikin mota a hanyar komawa Manfuha amsarta ta shigo, ya kunna mana a fili.

"Kawu, ka yi ƙoƙari. Amma ka lanƙwasa gwiwa, kuma ka daina kallon ƙafarka. Gaba ake kallo. Ka koma sati mai zuwa ka sake turo min in gani."

Ya dube ni, na ce masa ni kwankwasona bai warke ba. Ranar Juma'ar da ta biyo shi kaɗai ya tafi.