Kambun Baba Nomau

Na ɗauki hoton mutane da yawa a ɗakin nan, akasarinsu ko fuskarsu ba zan iya tunawa ba. Amma ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mini Baba Nomau ba. Ku da kuka kama aiki daga baya ba ku tarar da shi ba, shi ya sa nake so ku ji.

Lokacin ni kaɗai ne mai ɗaukar hoto a sashen MRI na asibitinmu a nan Funtua. Ga wanda bai sani ba, wannan na'ura ba irin ta hoton ƙashi ba ce. Da ƙarfin maganaɗisu take aiki, tana nuna tsoka da kitse da jijiyoyi, abin da hoton ƙashi ba ya gani. Dokarta guda ce, kuma ba ta da sassauci: ƙarfe ba ya shiga ɗakin. Rabin aikina a ƙofa yake ƙarewa, ina raba mutane da makullai da 'yan kunne da fil ɗin ɗankwali, kowa na rantsuwa babu komai a jikinsa.

Damina ce, masara ta fara goyo. Tun safe aka ɗauke wuta, janareta ya yi ta gardama, marasa lafiya sun cika benci kowa na hararata kamar ni na kashe shi. Ana cikin haka aka turo mini wani dattijo dogo, manomi daga wani ƙauye a bayan Maska, tare da babban ɗansa Tanko. Yana da ƙari a hannun dama, ta ciki, sama kaɗan da gwiwar hannu, girmansa bai wuce ƙwan zabuwa ba. Likitan da ya duba shi ya ɗan ƙwanƙwasa wurin, dattijon ya zabura, ya ce wani abu kamar wuta ya tsarga masa har babban yatsa. Wannan ya sa likitan ya ƙi taɓa ƙarin da wuƙa sai an ga hoto. Kitse ba ya yin haka, sai ƙarin da ya tsiro a jikin jijiya. Ba jijiyar jini nake nufi ba, ina nufin wadda ke sa yatsu su ji taɓi su kuma damƙe.

Tanko ne ya ba ni sauran labarin. Mahaifinsa ɗan tauri ne, cikin waɗanda suka sha maganin da ake cewa ƙarfe ba ya kama su. Shekarun baya sun kai shi wurin Sarkin Aska, wanzamin garinsu kuma abokinsa tun yarinta, don ya tsaga ya fitar da abin. Bakin aska na taɓa ƙarin, hannun ya fizge, aska ta yi tsalle ta faɗi ƙasa. Kowa a zauren ya ce tauri ne ya ƙi. Daga ranar babu wanzamin da ya sake kusantarsa. Na san jijiya ce ta harba, ba tauri ba. A raina na ce ko ma mene ne, ya yi masa rana.

Na yi wa Baba Nomau tambayoyin da muke yi wa kowa, ya ce babu ƙarfe a jikinsa. Da na zagaya shi da abin binciken ƙarfe, sai ya yi ƙara a damtsensa. Ya naɗe hannun riga, sai ga kambu, tsohuwar fata ta yi baƙi, an ɗinke wasu ƙarafa a ciki, a ɗaure dab da saman ƙarin, daidai inda zan ɗauka.

Na ce, "Baba, wannan sai an cire."

Ya ce, "Ɗana, tsohona ya ɗaura mani shi da hannunsa, ran da na shiga tauri. Ko wanka da shi nike yi. Ba ya ciruwa."

Na yi bayani, Tanko ya yi magiya, a banza. Mutanen benci suka fara tsaki. Da na gaji sai na ɗaura ƙaramin fil a zare, na tsaya da shi daga bakin ƙofa. Fil ɗin ya miƙe a iska yana neman na'urar. Baba Nomau ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Ka gani, Baba, ita ma 'yar tauri ce. Ba ta haɗa ɗaki da ƙarfen wani."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To, gida nata ne, baƙo ba ya gardama da mai gida." Ya kwance kambun da kansa, ya sa cikin hularsa, ya damƙa wa Tanko, ya ce kada ya bari ya taɓa ƙasa. Inda kambun ya zauna fatar ta yi fari sol. A lokacin har daɗi na ji, na ɗauka na yi dabara.

Ya kwanta bai motsa ba duk da ƙarar na'urar. Na ɗauki hoton farko, muka yi masa allurar da ke sa ƙari ya fito sarai, na sake ɗauka. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Ga ƙarin nan a mulmule, gefensa sumul, jijiya ta shiga ta sama ta fita ta ƙasa, kamar ƙulli a tsakiyar igiya. Likitar da ke karanta mana hotuna daga Zariya ta ce alamu sun nuna ba mugun ƙari ba ne, daga rigar jijiyar ya tsiro. Gwanin tiyatar jijiya zai iya ɓare shi a hankali ya bar jijiyar lafiya. Amma duk wanda ya yanke shi ɗungurungum, ya yanke har da ƙarfin yatsun.

Likitanmu ya zaunar da su ya faɗa musu haka. Ni ma na maimaita a ƙofa, na nuna musu a hoton da yatsana. Na ce, "Baba, a babban asibiti kaɗai za a yi wannan aikin. Kada ka bar kowa ya taɓa." Ya ce ya ji. Ya mayar da kambunsa, suka hau babur suka tafi.

Sai bayan kaka na sake ganinsu, ana ta kai masara kasuwa. Na miƙa wa Baba Nomau hannu, ya sa nasa cikin nawa, amma bai riƙe ba. Babban yatsa da manuni sun tsaya a miƙe, na tsakiya ma da ƙyar yake lanƙwasa. A wurin ƙarin akwai tabo siriri, ya warke tsaf. Damtsen babu kambu.

Tanko ya sunkuyar da kai ya ba ni labari. Sun je babban asibitin, aka ba su rana. Ranar ta zo suka tarar ana yajin aiki. Suka koma, aka ce likitan ya yi tafiya, aka sake ba su wata rana mai nisa. Ga hanya ba lafiya, ga girbi ya matso, ga ciwo ya hana tsohon runtsawa. Sai ya ɗauki hotonmu ya tafi wurin amininsa. Sarkin Aska ya ɗaga hoton a rana, ya ga iyakar ƙarin sama da ƙasa, ya ce yanzu ya ga hanya. Ya fitar da shi ɗungurungum, har da 'yar igiyar da ke maƙale a kowane gefe.

Na ce, "Baba, ba ka ce aska ba ta kama ka ba?"

Ya ce, "Da kambu ne ba ta kamawa. Ai nan wurinku na gane yana ciruwa. Na cire, na shiga, na fito lafiya lau. Sai na ce to, bari in cire ma Sarkin Aska shi ma."

Ba da zargi ya faɗa ba, har godiya yake yi. Ya ce ciwon ya tafi, yanzu barci yake har a tashe shi. Abu ɗaya ya kawo shi: lauje ba ya zama a hannunsa, fartanya ma sai Tanko ya ɗaure masa ita da tsumma. Yana so in sake sa shi a na'urar in duba inda ƙarfin ya maƙale.

Na kira likita, muka sake ɗauka, don ana iya ɗinka jijiya idan ba a makara ba. Hoton ya nuna bakin jijiyar a sama, ɗaya bakin can ƙasa, tsakaninsu wawakeken giɓi. Aka sake tura su babban asibitin nan dai. Tanko ya karɓi hoton ya naɗe, bai tambayi ranar zuwa ba. Ban sake jin labarinsu ba.

Na gaji da aikin nan a ranar fiye da kowace rana, kuma har yau gajiyar ba ta sake ni duka ba. Mutanenmu ba ƙin magani suke ba. Wurin da ƙofa take a buɗe suke zuwa, kuma ƙofar Sarkin Aska ba ta taɓa yajin aiki. Mu a nan muna iya nuna ciwo sarai, amma hoto ba ya bin mutum gida. Shi ya sa kuke ganin ina tsayar da masu irin wannan ƙari a ƙofa, ina tambayar wa zai kai su, yaushe, in kuma aka ɗage ranar me za su yi. Kuna cewa na cika naci, layi na taruwa. Ku bar shi ya taru. Idan kuma kuka raba mutum da abin da ya dogara da shi don ya shiga ɗakin nan, ku tuna ba fil ɗin ɗankwali kuka cire masa ba. Wancan kambun, duk da ban yarda da shi ba, ya tsare hannun Baba Nomau shekara da shekaru. Hotona mai kyau ko damina ɗaya bai tsare shi ba.